Gahawar Leda a Teburin Mai Shayi

Gahawa, wato abin shan nan mai ɗaci da ake samu daga soyayyun 'ya'yan wata bishiya wadda asalinta tsaunukan ƙasar Habasha ne, ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa ta hannun Larabawa da alhazai, amma sai a 'yan shekarun nan ta zama abin da talakan karkara yake nema da sassafe, kuma ta iso masa ne a cikin mafi ƙasƙancin siffofinta. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Kazaure a lokacin da sanyin hunturu ya fara kankama, ya yada zango a Ɗanbatta ko a ƙauyukan da ke maƙwabtaka da ita, zai tarar teburan masu shayi sun cika tun ana fitowa daga sallar asuba, zai kuma ga jerin 'yan ledoji masu sheƙi suna reto a saman kowane tebur, kusa da burodi da kiret ɗin ƙwai. Zai ji matashin da zai tafi fadamar madatsar ruwa ta Thomas, ko ɗan dakon da ke jiran motocin kasuwar Lahadi, yana cewa, "Malam, a sa mini Nescafe biyu, a cika sukari." Wannan furuci, da yadda ake yin sa cikin alfahari, shi ya dami mai wannan rubutu.

Abin da ke cikin ledar, musamman wadda ake kira uku-cikin-ɗaya saboda an haɗa gahawa da sukari da madadin madara wuri guda, ba ɓoyayye ba ne, domin ƙa'ida ta wajabta wa masana'antu su jera kayan haɗi a bayan leda gwargwadon yawansu, wanda ya fi yawa shi ne a farko. Wanda ya juya ledar ya karanta zai ga sukari ne a sahun gaba tare da wani farin gari da ake yi daga zaƙin sitaci da daskararren man ƙwayar kwakwar manja da ɗan sinadarin madara, gahawar kuwa tana can baya da ɗan kasonta. Ita ma ɗin an riga an dafa ta a manyan tukwanen masana'anta, aka fesa ruwanta cikin iska mai zafi har ya bushe ya koma gari mai narkewa nan take, kuma galibi daga irin da ake kira robusta ake yin ta, wanda ya fi arha, ya fi ɗaci, ya kuma ninka ɗaya irin, wato arabika, yawan kafeyin, sinadarin da ke korar barci. Kamfanin Nestlé ya fito da Nescafé a ƙasar Siwizalan a 1938, bayan Birazil ta nemi a samo mata dabarar adana gahawar da ta yi mata kwantai sakamakon karyewar tattalin arzikin duniya na 1929, daga baya kuma yaƙin duniya na biyu ya yaɗa ta ta hannun sojojin Amurka. Dabara ce ta maganin kwantai da sauƙaƙa wa matafiyi, ta kuma yi aikin da aka ƙirƙiro ta dominsa, sai dai babu wata ƙasa mai mutunta gahawa da take ɗaukar ta a matsayin ƙarshen abin da ake nema.

Babban abin takaici shi ne yadda matasa da dama suke ɗaukar shan wannan gari a matsayin alamar wayewa da kwaikwayon Turawa, alhali tarihin gahawa tarihin Afirka ne da na Musulmi kafin ya zama na kowa. Sufayen ƙasar Yaman ne suka fara mayar da ita abin sha na yau da kullum a ƙarni na 15, suna shan ta don su iya raya dare da zikiri, daga tashar jiragen ruwa ta Mokha kuma ta bazu zuwa Makka da Alƙahira. A 1511 wani hakimin Makka mai suna Khair Beg ya hana shan ta saboda tsoron taron da take haddasawa, amma hanin bai ɗore ba, malamai suka yi ta muhawara har ra'ayin halacci ya rinjaya. An buɗe shagunan gahawa a Santambul a tsakiyar ƙarni na 16, Landan kuwa ba ta ga nata na farko ba sai a 1652. Saboda haka muridin Ƙadiriyya ko na Tijjaniyya da ke Ɗanbatta ya fi Baturen Ingila kusanci da asalin wannan abin sha, kuma babu dalilin da zai sa ya karɓe shi daga hannun baƙo a matsayin sabon abu da ba a taɓa shi sai da almakashi.

A nan ambaton goro ya zama dole, domin shi ne hujja mafi ƙarfi. Goro ba ya fita a ƙasar Hausa, kamar yadda gahawa ba za ta fita a jigawar Ɗanbatta ba, saboda dukansu bishiyoyi ne masu son inuwa da laima, waɗanda dogon rani da zafin bazara za su kashe. Duk da haka babu wata al'umma a Afirka ta Yamma da ta mallaki goro kamar Hausawa. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowarsa tun zamanin Sarauniya Amina, ya kuma ambaci buɗewar hanyar Gwanja a ƙarni na 15, kuma daga nan ayarin fatake suka riƙa shafe watanni suna tafiya da jakuna zuwa kasuwar Salaga, a arewacin ƙasar Gana ta yau, suna kai kanwa da tufafi da fatu, suna dawowa da goro. Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya lura cewa goro ya zama wa mutanen birnin abin da ba a iya rabuwa da shi, daidai da matsayin gahawa da shayi a wurin mutanen ƙasarsa. Da Salaga ta durƙushe a ƙarshen ƙarni na 19, fatake suka koma bin teku zuwa Ikko, sannan jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 ya sauya hanyar gaba ɗaya, noman goron ya bazu a ƙasar Yarabawa wajen Agege da Shagamu, Hausawa suka kafa unguwanninsu a can don saye da ɗauri, har yau kuma kasuwar Mariri a Kano tana raye da wannan sana'a.

Abin lura a nan shi ne ilimin da ya taru a kan wannan baƙon 'ya'yan itace. Bahaushe ya san fari ya san ja, ya san sabo ya san daushe, wato goron da ya kwana biyu ya yi kwari, ɗacinsa ya lafa; ya san yadda ake jera shi a huhu a lulluɓe da ganye, a riƙa kwancewa ana tsince mai tsutsa ana yayyafa ruwa; ya ware masa ma'auni na kansa, ƙwarya guda goro 100; ya shigar da shi cikin neman aure da ɗaurinsa da raɗin suna da gaisuwar surukai da barka da sallah. Dattijon da ya karɓi goro a zaure yakan juya shi, ya duba fatarsa, ya ɓare, ya ji ƙarar ɓarewar, kafin ya kai baki ya riga ya san darajar abin da aka ba shi da kuma matsayin da mai bayarwa ya ajiye shi. Al'ummar da ta iya wannan, ta kuma riƙe shi shekaru ɗaruruwa ba tare da makaranta ko masana'anta ba, abin kunya ne a ce jikokinta suna shan abin da ba su taɓa ganin ƙwayarsa ba, ba su san ƙasar da ta fito ba, ba su iya bambance mai kyau da maras kyau ba, iyakar saninsu launin leda da sunan kamfani.

Akwai misali na kusa da ya isa a koya. Ƙasar Senegal ba a san ta da noman gahawa ba, daga waje take shigo da ita, amma a titunan Dakar da Tuba da Kaulaha abin da ake sha shi ne gahawar Tuba, wadda muridai suke dangantawa da Shehu Ahmadu Bamba, wanda Faransawa suka kai gudun hijirar dole ƙasar Gabon daga 1895 zuwa 1902. Ana soya ƙwayar gahawa tare da wani kayan yaji da suke kira jar, a niƙa su tare, a tace da ƙyalle, sai ta fito da ƙamshi da ɗan yaji mai ratsa maƙogwaro, kuma dubban matasa suna cin abinci da sayar da ita a ƙananan kofuna. Wannan jar ɗin kimba ce, ita dai kimbar da ke cikin kowane ɗakin girki a Ɗanbatta, wadda ake dakawa a yajin jego, ake sa wa kunu, ake auna ta da arha a rumfar 'yan koli. Hausawa da yawa suna zuwa Kaulaha ziyara kowace shekara, sun sha wannan gahawa a can, sun yaba, sun dawo gida sun ci gaba da yaga leda.

A Sudan, inda Hausawa suka yi kaka-gida tun bayan yaƙin Burmi na 1903 a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, ana soya ƙwayar a kan gawayi a gaban mai sha, a daka ta a ɗan turmi, a dafa da citta a wata 'yar tukunyar ƙasa mai dogon wuya da ake kira jabana. Mutanen Habasha, waɗanda suke shanye kusan rabin abin da ƙasarsu take nomawa, suna yin haka da turaren wuta, suna zagayawa sau uku, kuma barin wurin kafin zagaye na uku rashin ladabi ne. Alhazai sun san ta Saudiyya, wadda ba a bari ta soyu sosai, shi ya sa take fitowa fatsi-fatsi, ana dafa ta da wani kayan ƙamshi mai suna hel, ba a sa mata sukari, dabino ne abokin tafiyarta. Kowace daga cikin waɗannan al'ummu ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta sarrafa ta da kayan da ke hannunta da ɗanɗanon harshenta.

Aikin kansa bai fi ƙarfin kowace mace da ta taɓa suyar gyaɗa ba. Ɗanyar ƙwayar gahawa launin kore-kore gare ta, tana da tauri, kuma takan yi watanni masu yawa a busasshen wuri ba ta lalace ba, wanda hakan ya dace da gidan da ba shi da wutar lantarki. Ana tsince ta, a zuba gwargwadon abin da za a sha cikin 'yan kwanaki a kasko bisa garwashi matsakaici, a yi ta juyawa ba ƙaƙƙautawa na kimanin minti 10 zuwa 15, har a ji ta fara ƙara tana fashewa, launinta ya koma ruwan ƙasa mai duhu. Wanda ya bari ta yi baƙi ƙirin tana naso ya ƙona ƙamshin, ɗaci kawai zai sha. Sai a juye a faifai a fifita ta huce, a bushe ɓawon da ya saki, a daka a turmin da ba na barkono ba, tare da kimba ko citta ko kanumfari gwargwadon son mai gida. Cikin cokali babba guda, kimanin giram 10, ya isa ƙaramin kofi. Ana zuba garin a ruwan da ya tafasa, a bar shi ya taso sau ɗaya, a sauke, a jira ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta irin na tatar koko. Dogon tafasa yana fitar da ɗaci mai kauri, haka kuma dakakken gari yana rasa ƙamshinsa cikin 'yan kwanaki, shi ya sa ake soya kaɗan-kaɗan.

Za a ce leda ta fi sauri, ba ta cin itace, kuma talaka yana iya sayen guda ɗaya da ɗan canjin da ke aljihunsa, wannan kuma gaskiya ne. Amma mai shayin Ɗanbatta wutarsa ba ta mutuwa tun asuba har hantsi, kuma shi da kansa ya riga ya nuna abin da zai iya yi da baƙon ganye. Ganyen shayi daga Asiya ya samo asali, amma tukunyar da ke tafasa a teburinsa ta sha citta da kanumfari da masoro da na'a-na'a, har ta zama wani abu da ba a samun irinsa a Landan ko a Indiya, masu sha kuma suna da yarensu: wannan ya ce ruwan bunu, wato shayi tsura ba madara, wancan ya ce haɗin kauri. Buzaye masu gadi da matasan majalisu sun kawo nasu salon na ɗanyen ganyen Sin da ake dafawa a 'yar buta bisa gawayi, a sha sau uku. Gahawa kaɗai aka bari a hannun masana'anta, mai shayi ya koma ɗan aike, aikinsa yaga leda da juya cokali.

Daga nan maganar ta wuce ta ɗanɗano, ta zama ta lafiyar jiki, kuma a nan ne ya kamata a daina sassauta murya. Matashin da yake cewa gahawa tana sa masa ƙarfi yaudarar kansa yake yi. Kafeyin ba abinci ba ne. Aikinsa shi ne ya toshe hanyar wani sinadari da ke taruwa a ƙwaƙwalwa yana sanar da jiki cewa ya gaji, sai mutum ya daina jin gajiyar alhali tana nan daram, kuma bayan kimanin awa biyar rabin abin da ya sha yana nan a jininsa, wanda ya sha da yamma kenan ya ɓata barcinsa na dare, gobe ya tashi a gajiye ya nemi leda biyu maimakon ɗaya. Ɗan ƙwadagon da zai wuni a sunkuye yana dashen albasa ko yankan shinkafa abinci jikinsa yake nema. Wannan yanki ƙasar gero ce da dawa da wake da gyaɗa, kakanni sun fita gona da koko da ƙosai, da kunun tsamiya, da ɗumamen tuwo, da fura a gora don tsakar rana, kuma sun yi noman da ya ciyar da birnin Kano. Yau manomi yana kai geronsa kasuwar Lahadi ya sayar a farashin kaka, lokacin da ya fi arha, ya ɗauki kuɗin ya sayi sukarin da aka shigo da ɗanyensa daga Birazil aka tace a Ikko, da garin madarar da aka shigo da shi daga ƙetare, ɗansa kuma yana jin nauyin a gan shi da ƙwaryar koko a bakin titi. Tun da aka cire tallafin man fetur aka kuma saki darajar Naira a 2023, farashin duk wani abu da ke zuwa a leda ya yi tashin gwauron zabi, amma ɗabi'ar ba ta ja da baya ba, sai dai abincin gida ya ragu.

Wanda ya saba neman ƙarfi a cikin kofi kuma ba a nan yake tsayawa ba. Kowa a jihar Kano ya san gadagi, dafaffen haɗin saiwoyi da ganyaye da 'yan dako da masu tuƙi suke sha don kada su ji gajiya, kowa kuma ya san akwai matasan da ke narkar da ƙwayar tramadol a cikin shayi ko gahawa, ɗacin wannan ya ɓoye ɗacin waccan. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, suka yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da aka yi binciken, a 2018 kuma gwamnati ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi bayan abin ya zama abin kunyar ƙasa. Mafi yawan masu shayi mutanen kirki ne masu neman halal, amma wanda ya ga yaro ya jefa ƙwaya a kofinsa ya kau da kai don kada ya rasa ciniki, ya sani yana da kaso a abin da zai biyo baya, haka ma mai unguwa da limamin da suka san teburin suka yi shiru.

Mata ma abin ya fara shiga ɗakunansu, musamman a bukukuwa da lokacin azumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa kada sukarin da babba yake sha a yini ya wuce kimanin giram 50, wato ƙananan cokula 12, ta ce rabin haka ya fi, kuma kofi biyu na haɗin kauri da aka ƙara wa sukari a kan na cikin leda sun isa su cinye mafi yawan wannan kaso tun kafin hantsi. Masana abinci na Tarayyar Turai sun ƙayyade wa lafiyayyen babba miligiram 400 na kafeyin a yini, mai juna biyu kuwa 200. Shayi da gahawa idan an sha su tare da abinci suna rage wa hanji ɗaukar sinadarin ƙarfe da ke gina jini, a yankin da ƙarancin jini ya addabi masu ciki. A garin da ke da makarantar koyon ungozoma kamar Ɗanbatta, bai kamata wannan bayani ya tsaya a cikin aji ba.

Sauran magana tana kan hukuma da 'yan kasuwa. Najeriya tana noman gahawa: arabika tana fita a tsaunin Mambila na jihar Taraba, a ƙaramar hukumar Sardauna, inda tsayin ƙasa ya haura mita 1,500 kuma sanyi ba ya yankewa, robusta kuma tana fita a jihohi irin su Kogi da Ondo. Cibiyar binciken koko (na cakulan) da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita aka ɗora wa kula da gahawa da goro da shayi, tana kuma da reshe a Mambila, amma manoman can sun daɗe suna kukan rashin masu saye da tsufan bishiyoyi, wasu sun sare sun shuka wani abu, a daidai lokacin da farashin arabika a kasuwar duniya ya kai matsayin da bai taɓa kaiwa ba a farkon 2025. Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako tana nan a Ɗanbatta, babu abin da zai hana ta koya wa ɗalibai da masu shayi suyar gahawa da haɗa ta da kayan ƙamshin gida, kamar yadda ake koyar da sarrafa sauran amfanin gona. Fataken da suka iya raino goro mai rai daga Shagamu zuwa Mariri ba za su sha wahalar busasshiyar ƙwaya ba, wadda ba ta neman ganye ko yayyafi a hanya. Mota tana saukowa daga Gembu ta Serti da Bali zuwa Jalingo, ta bi ta Gombe ta shigo Kano, kuma buhu guda mai kilo 60, wanda shi ne ma'aunin cinikin gahawa a duniya, idan aka soya ya koma kimanin kilo 50, zai fitar da kofi kusan 5,000 a teburin mai shayi ɗaya.